Birtaniya: Me alƙaluman farashin gidaje na wata-wata ke nunawa?

A farkon kowane wata, tun kafin a buɗe kasuwar hannayen jari ta birnin Landan, akan fitar da wasu alƙaluma da miliyoyin jama'a a Birtaniya ke ɗokin gani, masu nuna ko farashin gidaje ya hau ko ya sauka a watan da ya gabata.

Sauyin da ake magana a kansa ba shi da yawa, domin sau tari ba ya kai kashi 1 cikin 100.

Sai dai kuma ga gidan da kuɗinsa ya kai fam dubu 270, kashi 1 cikin 100 fam 2,700 ke nan, abin da ya zarce albashin wata guda na ma'aikata da dama a ƙasar bayan an cire haraji.

Kusan kashi biyu cikin uku na iyalai a Ingila suna zaune ne a gidan kansu, kuma ga akasarinsu gidan shi ne babbar dukiyar da suka mallaka. Yawanci da rancen banki ake sayensa, a riƙa biya kowane wata har tsawon shekara 25 ko fiye.

Wannan ne ya sa jaridu ke ba alƙaluman muhimmanci, Babban Bankin Ingila ke nazarinsu, 'yan siyasa kuma ke kafa hujja da su. Amma tarihin kasuwar ya nuna cewa alƙaluman wata guda kan ɓatar da wanda bai san yadda ake haɗa su ba.

Gida ɗaya, farashi uku

A watan Mayun 2024, shafin intanet na tallar gidaje mai suna Rightmove ya ce matsakaicin farashin gida ya kai kimanin fam dubu 375. A kan wannan watan dai, bankin Halifax ya ce kimanin fam dubu 289 ne, yayin da cibiyar bayar da rancen gidaje ta Nationwide ta ce kimanin fam dubu 264 ne.

Tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ta haura fam dubu 100, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowannensu yana auna wani mataki ne daban na ciniki, a tsakanin gidaje daban-daban.

Rightmove yana tattara kuɗin da masu gidaje suka yanka wa gidajensu a ranar da dillali ya fitar da su kasuwa. A lokacin ko tayi ba a yi ba, balle a kai ga sallamawa. Mai gida na iya kiran kuɗin da ya ga dama, ya shafe watanni ba wanda ya taya, daga baya ya rage ko ma ya fasa sayarwa. Don haka alƙaluman suna nuna fatan masu sayarwa ne fiye da abin da masu saye ke biya. Amfaninsu shi ne su suka fi kowane fitowa da wuri.

Nationwide da Halifax suna zuwa ne a mataki na biyu, wato bayan mai saye da mai sayarwa sun daidaita, an tura masu ƙiyasi sun duba darajar gidan, an kuma amince za a bayar da rance.

Su biyun ne suka fi daɗewa a fagen. Alƙaluman Nationwide sun faro tun daga 1952, lokacin da matsakaicin gida bai kai fam 1,900 ba, ko da yake sai a 1991 ta soma fitar da su wata-wata. Na Halifax kuwa sun faro ne daga 1983.

Rauninsu shi ne kowannensu abokan hulɗarsa kawai yake gani. Wanda ya karɓi rance a wani bankin ba ya cikin lissafi. Haka ma wanda ya biya kuɗi hannu, alhali irin waɗannan sukan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sayen gidaje. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ji ɗaya ya ce farashi ya hau a wata kaza, bayan 'yan kwanaki ɗayan ya ce sauka ya yi.

A ƙarshe sai alƙaluman gwamnati, waɗanda hukumar rajistar filaye da gidaje da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ke fitarwa tare da takwarorinsu na Scotland da Ireland ta Arewa, a tsarin da aka soma aiki da shi a watan Yunin 2016.

Waɗannan sun fi kowane cika, domin sun ƙunshi cinikin da aka kammala, na rance da na kuɗi hannu. Amma sukan fito ne kimanin mako shida bayan ƙarewar watan, kuma cinikin da suke nunawa an daidaita a kansa watanni kafin nan, tun da lauyoyi kan ɗauki lokaci suna binciken takardu. Ban da haka ma ana ci gaba da yi musu gyara yayin da sauran takardun rajista ke isowa.

Ke nan wanda ya fi sauri shi ne mafi rauni, wanda ya fi inganci kuma labarin jiya yake bayarwa.

Gyaran da ake yi wa lissafi

Akwai wata matsalar da ta shafi dukkansu. Gida ba kamar buhun hatsi ba ne da za a ce wannan daidai yake da wancan.

A Birtaniya akwai gidaje kusan miliyan 30, amma a wata guda waɗanda ke sauya hannu sukan tsaya ne a wajajen dubu 100. Waɗanda aka sayar a watan Maris ba su ne aka sayar a watan Afrilu ba.

Idan aka yi katari manyan gidajen kudancin Ingila suka fi yawa a cinikin wannan wata, ƙananan gidajen arewa kuma suka fi yawa a na gaba, to matsakaicin farashi zai nuna an faɗi ƙasa, alhali ko gida ɗaya bai rage daraja ba.

Don kauce wa wannan, masu ƙididdigar sukan rarraba farashin bisa siffofin gida, kamar yankin da yake, da girmansa, da yawan ɗakunansa, da ko sabo ne ko tsoho. Daga nan sai su lissafa abin da wani gida na misali mai siffofi tsayayyu zai kai a kowane wata. Wato dai "matsakaicin gidan" da ake ambata a kanun labarai babu shi a kan kowane titi.

Sai kuma gyaran yanayi. Kasuwar takan yi zafi daga watan Maris zuwa Yuni, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, iyalai kuma ke son sauya gida kafin a koma makaranta a watan Satumba. Takan lafa a watan Agusta saboda hutu, ta sake yin sanyi a Disamba. Nationwide da Halifax kan cire wannan hawa da saukar da aka saba gani kowace shekara kafin su bayyana sauyin wata. Saboda haka yana yiwuwa kuɗin gida ya ƙaru a watan Mayu, amma rahoton ya ce farashi ya sauka, domin ƙarin bai kai wanda aka saba gani a Mayu ba.

Su kansu masu fitar da rahotannin sukan ja hankalin jama'a da su dubi sauyin wata uku-uku ko na shekara. Ba kasafai wannan gargaɗin ke samun shiga kanun labarai ba.

Rububin wa'adin haraji

Babu abin da ke hargitsa alƙaluman wata-wata kamar sauya harajin da ake biya idan an sayi gida.

A kasafin kuɗin watan Maris na 1988, ministan kuɗi Nigel Lawson ya sanar cewa daga watan Agusta, mutum biyu ko fiye da suka haɗa kai suka sayi gida ɗaya ba za su ci gaba da samun rangwamen haraji kowa da nasa ba. Tazarar watannin da ya bayar ta sa jama'a suka yi ta rububin saye, farashi ya yi tashin gwauron zabi.

An sake ganin irin haka a watan Maris na 2016, gabanin ƙarin harajin kashi 3 cikin 100 a kan masu sayen gida na biyu ko gidan haya.

Mafi girman misali shi ne na lokacin annobar korona. An rufe kasuwar gidaje a Ingila daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayun 2020, ciniki ya yi ƙaranci har hukumar ƙididdiga ta dakatar da fitar da alƙalumanta na ɗan lokaci. Nationwide ta ce farashi ya faɗi da kashi 1.7 cikin 100 a watan Mayu, faɗuwar wata guda mafi girma tun Fabrairun 2009. Masana da dama sun yi hasashen cewa somin taɓi ne.

A watan Yuli sai ministan kuɗi Rishi Sunak ya ɗage harajin a kan fam dubu 500 na farko na kuɗin gida a Ingila da Ireland ta Arewa. Wannan ya haɗu da kuɗin ruwa mafi ƙanƙanta a tarihin Babban Bankin, kashi 0.1 cikin 100, da kuma buƙatar gidaje masu fili da zaman kulle ya haifar. Zuwa watan Yunin 2021, lokacin da babban rangwamen ya ƙare, Nationwide ta ce farashi ya hau da kashi 13.4 cikin 100 a shekara guda.

Wa'adin ya bar tabo a lissafi har bayan shekara. A rahotonta na watan Yulin 2022, hukumar ƙididdiga ta ce farashi ya hau da kashi 15.5 cikin 100 a shekara, alhali a watan Yuni kashi 7.8 ta bayar. Mai karatu zai zaci kasuwa ta ninka gudu cikin kwana talatin. Abin da ya faru shi ne, an kwatanta Yulin 2022 ne da Yulin 2021, watan da farashi ya yi ƙasa saboda masu sayen manyan gidaje sun riga sun kammala cinikinsu kafin ƙarshen Yuni.

An maimaita wannan rububi a watan Maris na 2025, kafin a dawo da matakin da harajin ke farawa daga fam dubu 250 zuwa dubu 125 a ranar 1 ga Afrilu. Ciniki ya yi yawa a Maris, ya kuma ragu sosai a watan da ya biyo baya.

Inda gizo ke saƙa

Idan haraji ne ke girgiza alƙaluman wata, kuɗin ruwa da sauƙin samun rance su ne ke juya akalar kasuwar ta tsawon shekaru.

Dalilin a bayyane yake. Mafi yawan masu saye ba jimillar kuɗin gidan suke dubawa ba, abin da za su iya biya a ƙarshen kowane wata suke lissafawa.

Wanda ya ranci fam dubu 200 na tsawon shekara 25 a kan ruwan kashi 2 cikin 100 zai riƙa biyan kimanin fam 848 a wata. Idan ruwan ya koma kashi 6, biyan zai kai kimanin fam 1,289. Wanda kuma ƙarfinsa bai wuce fam 848 ba, abin da zai iya ranta a sabon ruwan ba zai wuce fam dubu 132 ba. Gidan bai sauya ba, albashinsa bai sauya ba, amma tayin da zai iya yi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

An ga illar haka bayan rububin 1988. A watan Oktoban 1989 kuɗin ruwa ya kai kashi 15 cikin 100, ya kuma zauna a nan shekara guda. Daga 1989 zuwa farkon 1993 farashin gidaje ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100 a lissafin Nationwide. A 1991 kaɗai, masu bayar da rance sun ƙwace gidaje sama da dubu 75 daga waɗanda suka kasa biya. Sai a wajajen 1998 farashin ya koma inda yake a 1989.

A lokacin ne jama'a da dama suka san wani hali da ba su taɓa tunaninsa ba, wato bashin da ke kan gida ya zarce kuɗin gidan. Mai irin wannan gida ya shiga halin gaba kura baya sayaki, domin ko ya sayar ba zai iya biyan banki ba, kuma ba ya iya ƙaura zuwa wani gari neman aiki.

A 2007 kuwa ba tsadar ruwa ce ta karya kasuwar ba, rancen ne ya ƙafe. Kafin rikicin, bankin Northern Rock yana bayar da rancen da ke kai kashi 125 cikin 100 na darajar gida. A watan Satumban 2007 masu ajiya suka yi dogayen layuka a ƙofar rassansa suna kwashe kuɗinsu, a watan Fabrairun 2008 kuma gwamnati ta karɓe shi.

Alƙaluman Nationwide sun kai ƙololuwa a watan Oktoban 2007 a kan kimanin fam dubu 186, suka yi ta sauka wata bayan wata har zuwa ƙasa da fam dubu 148 a Fabrairun 2009. Wanda ya sayi matsakaicin gida a ƙololuwar da rancen kashi 95 cikin 100, ya wayi gari bashinsa ya fi kuɗin gidan da fam dubu ashirin da wani abu.

A irin wannan lokaci ne alƙaluman wata-wata ke da amfani na gaske. Saukar wata ɗaya ba ta nuna komai, amma idan ta jera watanni, kuma duka ma'aunan suka fuskanci alƙibla ɗaya, to lallai kasuwa ta juya.

Babban Bankin Ingila ya mayar da martani ta hanyar rage kuɗin ruwa daga kashi 5 cikin 100 a farkon Oktoban 2008 zuwa kashi 0.5 a watan Maris na 2009. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gidajen da aka ƙwace a 2009 ba su kai dubu 50 ba.

Faɗuwar da ba ta zo ba

Daga Disamban 2021 zuwa Agustan 2023, Babban Bankin ya ƙara kuɗin ruwa sau 14 a jere, daga kashi 0.1 zuwa 5.25 cikin 100, domin shawo kan hauhawar farashin kayayyaki wadda ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022.

Ana cikin haka ne, a ranar 23 ga Satumban 2022, ministan kuɗi Kwasi Kwarteng na gwamnatin Liz Truss ya gabatar da ƙaramin kasafin kuɗi mai ɗauke da rage haraji mai yawa, abin da ya tayar da hankalin kasuwannin kuɗi. Cikin 'yan kwanaki bankuna suka janye ɗaruruwan nau'o'in rancen gida, matsakaicin ruwan rancen shekara biyu kuma ya haura kashi 6 cikin 100 a watan Oktoba.

Farashin, wanda ya kai kusan fam dubu 274 a Agustan 2022 a lissafin Nationwide, ya soma sauka. A Agustan 2023 ya yi ƙasa da kashi 5.3 cikin 100 idan aka kwatanta da shekara guda kafin nan, raguwa mafi girma tun 2009. Amma a nan abin ya tsaya, bai kai ko kusa da na 1989 ko na 2007 ba.

Masu nazarin kasuwar na danganta hakan da abubuwa da dama. A wannan karon akasarin masu bashi sun ƙulla yarjejeniyar tsayayyen ruwa ta shekara biyu ko biyar, don haka tsadar ta riske su ne rukuni-rukuni yayin da wa'adinsu ke cika. Rashin aikin yi bai yi yawa ba. Tun 2014 kuma an tsaurara ƙa'idojin bayar da rance, ciki har da taƙaita yawan rancen da ya kai ninki huɗu da rabi na kuɗin shigar mutum. Kana a watan Yunin 2023 manyan bankuna sun yi wa gwamnati alƙawarin ba za su ƙwace gida ba sai an cika shekara guda da soma kasa biya.

Da yake ba a tilasta wa mutane da yawa sayarwa ba, masu gidaje da dama sun gwammace su ce albarka su jira. Abin da ya ragu sosai shi ne yawan ciniki, wanda ba ya fitowa a alƙaluman farashi.

Akwai kuma faɗuwar da ba ta bayyana a kanun labarai ba. A lokacin da farashin kayan masarufi ke hawa da kusan kashi 10 cikin 100, gidan da kuɗinsa ya ragu da kashi 5 ya yi asarar daraja da ta fi haka nesa ba kusa ba.

Babban Bankin ya soma rage kuɗin ruwa a Agustan 2024, kuma a wannan shekarar farashin ya sake hawa a hankali.

Labari mai daɗi ga wa?

Adadi ɗaya na ƙasa baki ɗaya kan rufe bambancin da ke tsakanin yankuna. Daga 2007 zuwa 2013 farashin gidaje a Ireland ta Arewa ya faɗi da fiye da rabi, yayin da a 2013 ɗin Landan ta riga ta koma matsayinta na kafin rikici. Daga bisani reshe ya juye da mujiya. Tun wajajen 2016 farashi a Landan ke tafiyar hawainiya, a 2024 kuma Ireland ta Arewa ce ta fi kowane yanki hauhawa a lissafin Nationwide.

Haka nan salon bayar da labarin kansa ya karkata. Idan farashi ya hau akan ce kasuwa ta farfaɗo, idan ya sauka a ce ta yi rauni, tamkar dai kowa mai gida ne.

Ko ga mai gidan ma ribar ba ta cika zama kuɗi a aljihu ba, domin idan ya sayar dole ya sayi wani a kasuwa ɗaya. Mai neman komawa gidan da ya fi nasa girma asara ma yake yi idan farashi ya hau, tun da tazarar da zai cike ita ma ta ƙaru.

Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan haya mai tara kuɗin kafin alƙalami. Hukumar ƙididdiga ta ce a 1997 matsakaicin gida a Ingila ya kai kimanin ninki uku da rabi na albashin shekara na cikakken ma'aikaci. A 2021 ya kai kusan ninki tara, a 2023 kuma yana sama da ninki takwas. A Landan ya fi haka.

Gwamnatin jam'iyyar Labour da ta hau mulki a watan Yulin 2024 ta yi alƙawarin gina gidaje miliyan ɗaya da rabi a Ingila cikin wa'adinta, bisa hujjar cewa ƙarancin gidaje na daga cikin tushen tsadar. Ko da an cika alƙawarin, sababbin gidajen da ake ginawa a shekara ba sa wuce kashi 1 ko makamancin haka cikin 100 na waɗanda ake da su, don haka tasirinsu ba abu ne da za a gani a rahoton wata guda ba.

Ga mai son sayen gidan fam dubu 270 da kafin alƙalamin kashi 10 cikin 100, sai ya tara fam dubu 27, yana kuma biyan haya a lokaci guda. Duk watan da aka sanar cewa farashi ya hau da kashi 1 cikin 100, an ƙara masa fam 270 a kan abin da zai tara, da fam 2,430 a kan bashin da zai ci.